Ranar da Ba ta Kowa Ba

Yayana ya haura hamsin a duniya, kuma har yau ba a taɓa kama shi da wata magana da za a ce tasa ce ba. Ni ke bi masa, ɗaki ɗaya muka tashi, amma in aka tsare ni da rantsuwa ba zan iya cewa ga shayin da ya fi so ba, mai madara ko marar madara. In ka tambaye shi sai ya ɗan yi murmushi, ya karkata kai, ya ce kowanne da amfaninsa.

Tun muna yara haka yake. Akwai ranar da ni da ƙaninmu muka yi kokawa a kan rediyon Baba, har ta faɗi ta tsage. Ƙanin namu ne ya fizge, kuma a gaban idon Yaya aka yi, yana zaune a bakin gado yana yanke farce. Da Baba ya dawo ya tambaye shi wa ya fasa, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, kowa da tasa gaskiyar." Baba ya haɗa mu biyun ya zane. Yaya kuwa ya ci abincinsa ya sha ruwa. Innarmu ta yi ta yabonsa wajen maƙwabta, wai Allah ya ba ta yaro marar rigima. Ni tun ranar na san sunan abin, tsoro ne kawai da ya iya sa tufafin dattaku.

A makarantar sakandare an taɓa ba shi alƙalancin ƙwallo, saboda malamin wasanni ya lura ba ya goyon bayan kowa. Ya rataya usur a wuya, aka yi wasa aka tashi bai hura ba. Da gardama ta kaure a kan ko ƙwallo ta shiga raga ko ba ta shiga ba, aka juyo wajensa, sai ya ce lokacin yana ɗaure igiyar takalmi. Bayan ya yi aure kuma, duk ranar da matarsa da Inna suka sami saɓani, sai ya ɗauki bokiti ya fita wanke mota. Shekara da shekaru babu motar da ta kai tasa ƙyalli a layinsu.

Irin wannan mutum ai aikin ofis ne ya dace da shi, kuma ya same shi. A kwalejin garinmu ya shiga ofishin kula da harkokin ɗalibai tun yana saurayi, har furfura ta fito masa a can. Ɗaki ne a ƙarshen baranda, da fanka mai juya kai tana ƙara, da furen roba a kan tebur wanda ƙura ta canja wa launi, da wata kujera mai gajeriyar ƙafa da aka ajiye don ɗalibai masu kawo kuka. An yi yajin aiki, an yi zanga-zanga, shugabannin kwaleji sun zo sun wuce, an kori na kora, an ɗaga na ɗagawa. Shi yana nan, don duk sabon shugaban da ya zo ya bincika ɓangaren da Yaya yake, ba ya samun komai. Ɗalibai suka sa masa Malam Tsakiya. Zagi ne, amma shi ya ɗauke shi lambar yabo, har yakan amsa.

Ni ɗinki nake yi, shagona na bakin kasuwa. Ina da 'ya babba wadda muke kira Lauya, don tun tana ƙarama ba a gaya mata abu ta yi shiru sai an kawo mata dalili. Ita ce ta sami gurbi a wannan kwalejin, take kwana a ɗakunan ɗalibai, takan zo mini ƙarshen mako ta zauna a kan tulin yadi tana surutu ina taka keke. Daga bakinta na fara jin matsalar da ta jawo duk abin da zan faɗa.

Zaɓe yana faɗowa ne a tsakiyar zangon karatu. Yawancin ɗaliban kwalejin daga nesa suka zo. Masu rajista a cikinsu, a garuruwansu suka yi, kuma ba wanda zai bar karatu ya yi doguwar tafiya don jefa ƙuri'a ɗaya ya dawo. Sauran kuma shekarunsu ba su daɗe da kaiwa ba, ba su taɓa yin rajistar ba sam. Sai ya zama ga dubban matasa a wuri guda, ga rumfar zaɓe a bakin ƙofar kwaleji, amma ranar zaɓe wanki suke yi. An ce a wani taro aka yi wa shugaban kwalejin gori da wannan, ya dawo ransa a ɓace ya kafa kwamiti na wayar da kan ɗalibai su fito zaɓe. Sharaɗinsa ɗaya, kada a karkata ga kowace jam'iyya. Da aka zo neman wanda zai ja kwamitin, ba a ma yi dogon tunani ba.

Sharaɗin nan ni ban ga laifinsa ba. Makaranta ba ta da hurumin gaya wa ɗan wani ga wanda zai zaɓa, kuma Lauya ma ta fi kowa yarda da hakan. Da aka nemi ɗalibai masu sa kai, ita ta fara ɗaga hannu. Na ce mata ta yi hankali, na san wanda za ta yi aiki da shi.

"Haba Mama, Kawu ne fa. Ni zan iya da shi," in ji ta.

Na dai ci gaba da ɗinkina.

Abu na farko da na gani da idona shi ne zaɓen launi. Kwamiti ya yanke a ɗinka ƙyallen sanarwa babba da rigunan masu sa kai, sai Yaya ya zo shagona da kansa, Lauya na biye da shi. Na sauko masa da koren yadi.

"A'a, ƙanwata, wannan ai launin masu mulki ne."

Na sauko da ja.

"Subhanallahi. 'Yan adawa kenan."

Shuɗi na wata jam'iyya ne, rawaya na wata, ruwan goro kuma wai akwai wani ɗan takara da ke yawan sa hula irinsa. Fari ma bai tsira ba, don kusan kowace tuta akwai fari a jikinta. Na zube masa rabin shagon a kan tebur, gumi na keto mini, shi kuwa yana taɓa kowane yadi da ɗan yatsa kamar mai gwada zafin tukunya. A ƙarshe idonsa ya faɗa kan wani yadi ruwan toka da nake yi wa aljihun wando shafi da shi. Fuskarsa ta washe.

"Wannan ba na kowa ba ne," ya ce.

"Shi ya sa ba wanda ke sayensa, Yaya."

Bai ji haushi ba. Yaya ba ya jin haushi, don jin haushi ma ɗaukar ɓangare ne.

Rubutun da za a yi a kan ƙyallen kuwa, makonni aka kwashe ana zama a kansa. Lauya da abokanta sun kawo kalamai masu motsa jini. Ya soke "canji", wai kalmar 'yan adawa ce. Ya soke "ci gaba", wai ta masu mulki ce. "Matasa" akwai ɗan takarar da ke taƙama da su, "gobe" kuma tana nuna kamar yau ba ta yi kyau ba. Abin da ya rage na ɗinka da baƙin zare a kan ruwan toka shi ne "Sanarwa: akwai zaɓe." Wani ɗalibi da ya gani a rataye ya tambaya ko wani malami ne ya rasu.

Ɗaliban sun kawo shawarar a gayyato 'yan takara duka su yi muhawara a babban zaure. Yaya ya ce shawara ce mai kyau, sai dai wa zai zauna a dama, wa zai fara magana, wa za a fara miƙa wa ruwa? Aka ce a yi ƙuri'a. Ya ce wanda ƙuri'ar ta ba na ƙarshe zai ce hannun kwamiti ne. Maganar ta mutu a nan. Lauya takan zo mini ta cika ta yi fam, ta zazzage, ta sha ruwa, ta koma. Duk da haka gwiwarta ba ta yi sanyi ba, saboda akwai abu ɗaya da ta ƙwallafa rai a kansa.

Ita da abokanta ne suka yi ta sintiri ofishin hukumar zaɓe, har hukumar ta yarda za ta turo ma'aikata da na'urarsu cikin kwaleji na yini guda, su yi wa sababbi rajista, su kuma mayar da rajistar na nesa zuwa rumfar bakin ƙofa. Abin da ake bukata kawai, kwaleji ta zaɓi rana kafin a rufe rajista, ta rubuto. Ranar da aka ba su wannan amsa, da gudu ta shigo shagona ta rungume ni, saura kaɗan allura ta shige mini hannu.

Daga nan ta bi ɗaki ɗaki, aji aji. Akwai ɗalibai da yawa da suka yi shirin zuwa ofishin hukumar da ke can ƙarshen gari, inda ake kwashe yini a layi a rana, a rasa darasi. Ta hana su. "Kada ku wahalar da kanku, har gida za a kawo muku," take cewa. Sun yarda da ita, don an san ta ba ta faɗin abin da ba ta tabbatar ba. Fuskarta da sunanta ta jingina, ba na kwamiti ba, don kwamitin ba wanda ya san fuskarsa.

Saura zaɓen rana, kuma a nan Yaya ya nuna gwanintarsa. Ya sa aka kafa masa babbar kalanda a bangon ofis, ya ɗauki jan biro. Ranar kaza masu mulki na da gangami a gari, in aka yi rajista ranar za a ce an tara musu jama'a. Ya soke. Washegari ɗan takarar adawa zai shigo, ya soke. Wata ranar ta yi daidai da zagayowar kafa wata jam'iyya, wata kuma ana aurar da 'yar wani ɗan takara. Har wata jam'iyya da duk magoya bayanta ba za su cika bas ɗaya ba, ya gano tana buɗe ofis, ya soke ranarta. Kullum Lauya ta leƙa sai ya ce ana kan nazari. Lokacin yaƙin neman zaɓe ne, ina za a sami ranar da ba wanda ke yin komai? Shi dai ya ci gaba da nema, kuma wallahi ya samu.

Bai kira zama ba. Ya rubuta wa hukumar da kansa, suka amsa, sannan ya sa aka manna takarda a allon sanarwa ana gobe hutun tsakiyar zango. Ranar da ya zaɓa a tsakiyar hutun take. A hutun nan ana rufe ɗakunan kwana, kowa ya tafi garinsu, kuma kafin a dawo an rufe rajista.

Lauya ta zo ta janye ni daga kan keke, wai ko Yaya zai ji kunyata. Muka same shi a ofis yana goge furen roba da hankici.

"Kawu, ka ga ranar da ka sa kuwa?"

"Na gani mana, 'yata. Na duba ta gaba da baya. Babu jam'iyyar da za ta ce an yi mata rashin adalci."

"Babu ɗalibai ranar, Kawu! An rufe ɗakuna!"

"To ai wannan tsarin makaranta ne, ba na kwamiti ba. Mu dai ƙofarmu a buɗe take ga kowa, ba mu hana kowa zuwa ba."

"Na gaya musu kada su je ofishin gari. Ni na hana su. Me zan ce musu yanzu?"

Ya ajiye hankicin, ya dube ta da irin tausayin da ake yi wa yaro. "Kin ga abin da nake gaya miki kullum. Mutum ba ya saurin yin alkawari."

A nan na kasa haƙuri. Na ce, "Yaya, aikin da aka ba ka shi ne yara su yi zaɓe. Ba a ce ka kare rigarka daga ƙura ba."

"Ƙanwata, ba ki san aikin gwamnati ba. Ƙorafi ɗaya in ya shigo, sai ya shafe shekarun da mutum ya yi yana aiki."

"Wane aikin?" na ce.

Ya yi dariya kaɗan, ya tambaye ni ya kasuwa.

Lauya ta yi duk abin da za ta iya. Ta koma hukumar, suka ce su kam sun riga sun raba sauran ranakun ga wasu makarantu, ranar da kwaleji ta nema ita suka bayar, kuma gaskiyarsu ce. Ta nemi ganin shugaban kwaleji, aka ce ya yi tafiya. Ta tsaya a bakin ƙofa tana roƙon masu ɗauke da jakunkuna su dawo ranar, suka tambaye ta ina za su kwana.

Ranar rajistar na rufe shago na raka ta. An jera kujeru a babban zaure reras, an rataya ƙyallen nan ruwan toka. Ma'aikatan hukumar, mace da namiji, suka kafa na'urarsu da sassafe suka zauna. Lauya ta yi tata. 'Yan tsirarun ɗaliban da iyayensu ke cikin gari suka zo, sai mai gadi da wata mai shara. Kafin hantsi an gama. Sauran yinin macen na danna waya, namijin ya kifa kai a tebur. Yaya kuwa yana ta zagaye da mai ɗaukar hoto, yana nuna masa ta inda zai tsaya don kada kujeru su fito. Da za a tashi ya yi jawabin godiya, a tsaye, ga zauren da ba kowa.

A rahotonsa ya rubuta cewa an gudanar da shirin cikin lumana, kuma ba a sami ƙorafi ko ɗaya daga kowace jam'iyya ba. Ba ƙarya ya yi ba, Yaya ba ya ƙarya, ya fi ƙarfin wannan. Shugaban kwaleji ya dawo ya karanta, ya ji daɗi, ya ba shi allon yabo na katako mai ƙyalli. An ce ma wasu makarantu sun aiko suna neman ya je ya koya musu yadda ake yi.

Da ɗalibai suka dawo hutu, ba wanda ya je ofishin Malam Tsakiya neman ba'asi, don ba shi ya yi musu alkawari ba. Lauya suka sani. Aka sa mata suna Har-Gida. In ta shigo aji sai wani ya ɗaga murya daga baya, "Har-Gida, yaushe za a kawo?" An rubuta mata shi da alli a ƙofar ɗaki. Abokiyar ɗakinta, wadda ta yi shirin zuwa ofishin gari tun farko Lauya ta hana ta, ba ta zage ta ba, ta dai daina yi mata magana. 'Yar tawa da ke cika mini shago da gardama ta koma zuwa ta zauna tana tsince zare a ƙasa. In na tambaye ta ya makaranta, sai ta ce lafiya. Na tsani yayana a makonnin nan, tsana ta gaske, kuma ban ɓoye wa Inna ba.

Ranar zaɓe na fita da wuri na jefa tawa a unguwarmu, aka shafa mini tawada a yatsa. Daga nan na wuce kwaleji, don na yi niyyar in raka 'yata ta jefa ƙuri'arta ta farko. Rumfar bakin ƙofa ba layi, ma'aikatan na zaune suna hira. Cikin ɗakunan kwana kuwa ba masaka tsinke. An hana zirga-zirgar ababen hawa, ba darasi, ɗalibai sun cika baranda, masu wanki na yi, masu kitso na yi, wasu sun kewaye waya suna jin yadda zaɓe ke gudana a wasu wurare.

Na same ta a kan gado, ko mayafi ba ta ɗauko ba. Katin zaɓenta na kan akwati.

"Tashi mu je," na ce.

"Ba zan je ba, Mama."

"Wace irin magana ce wannan? Ke da kika fi kowa wahala a kansa?"

"Ta ina zan bi? Ta gabansu zan wuce, in je in dawo da tawada a hannu, su da na hana? Ba zan iya ba."

Na lallashe ta, na yi faɗa, na ce haƙƙinta ne, ba ita ta sa rana ba. Ta ce ta sani. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Muna cikin haka wayata ta yi ƙara. Yaya ne, daga gida, ina jin talabijin a bayansa.

"Ƙanwata, an ce kina wajen 'yata. Ta jefa kuwa? Ina so ta ɗauko mini hoton yatsanta da tawada, za a sa a bangon rahoton ƙarshe. Yatsan kawai, kada fuska ta fito, kada a ce mun tallata wani."

Na ce masa ba ta je ba, kuma ba za ta ba, na kuma gaya masa dalili. Na ɗauka ko yau abin zai taɓa shi.

"Ash, ba daɗi," ya ce. "To ke kin yi ai? Ɗauko naki. Yatsa ai yatsa ne, wa zai gane?"

Ashe Lauya na jin komai, don wayar tawa da ƙarfi take. Ta tashi zaune, ta karɓi wayar ta kashe kiran. Sai ta kamo hannuna ta ɗora a kan farin zanen gadonta, ta gyara shi yadda haske zai same shi, ta ɗauki hoton yatsana, da kantar almakashi da duk huje-hujen allura. Ina kallo ta tura masa.

"Bar shi ya sa, Mama," ta ce. "Ƙuri'ar da shirinsa ya samar kenan, ita ma ba tamu ba ce."

Ta miƙo mini wayar, ta koma ta kwanta, ta juya fuskarta bango.